Tungar Mai Tuta

Garinmu ba shi da sunan da za a ce dattawa sun zauna sun raɗa masa. Tungar Mai Tuta ake ce masa, kuma in ka tambayi yaran yanzu dalili, sai su nuna maka tutar da ke kaɗawa a bakin makarantar firamare su ce ita ce. Ba ita ba ce. Tutar jirgin ƙasa ce, ɗaya ja ɗaya kore, kuma kakana ne mai su.

Lokacin da Turawa suka jawo layin dogo daga Gusau zuwa Ƙaura, kakana yana cikin leburorin da aka kwaso daga wajen Badarawa. Da aka gama aiki kowa ya kama gabansa, shi bai koma ba. Inda muke zaune yanzu daji ne a wancan lokacin, sai dai burtali ya ratsa ta wurin, wanda shanun Zurmi ke bi in za su gangara kudu da rani. Jirgi bai san burtali ba, saniya kuma ba ta san jirgi ba. Da ɓarna ta yi yawa, makiyaya suka fara jera duwatsu a kan dogo don haushi, sai 'yan reluwe suka nemi wanda zai zauna a mahaɗar, ya ɗaga jan ƙyalle in garke na tsallakawa, ya ɗaga kore in hanya ta buɗe. Ba wanda ya yarda ya kwana cikin kuraye sai kakana. Mahaifina yakan ce jarumtaka ce. Ni da na yi wayo na fi zaton ba shi da gonar da zai koma wa a Badarawa.

Ya kafa bukka, ya haƙa rijiya, ya je ya ɗauko matarsa. Kakata ta fara dama fura tana sayar wa makiyaya. Fulani in za su yi alkawarin haɗuwa sai su ce a haɗu wurin mai tuta. Direbobin jirgi ma suka gano furar, suka riƙa tsayawa ko babu saniya a hanya. Daga baya aka ƙara ɗan guntun layi a gefe don lodin gyaɗa da auduga, jakuna da raƙuma suka fara zuwa da kaya har daga wajen Shinkafi. Akwai wani tsohon ƙauye bayan fadama, Marke, manoman gero da dawa ne tun kaka da kakanni. Da suka ga kasuwa ta buɗe a bakin dogo, sai suka riƙa tasowa gida gida, har suka fi mu yawa nesa ba kusa ba. Amma sunan ya riga ya zauna a bakin mutane.

Mahaifina ya gaji tutocin, ya gaji wandon kaki, ya kuma gaji wani irin ɗaurin fuska da ake yi in jirgi na tahowa. Ina yaro na ga ƙarshen zamanin. Jirgi ya koma zuwa jefi-jefi, sannan ya koma sai an yi sa'a, sannan ciyawa ta rufe guntun layin lodi, awaki suka mai da shi nasu. Duk da haka kullum da hantsi Baba zai sa kakinsa, ya naɗe tutocin a hammata, ya je mahaɗa ya zauna a kan wani tsohon katakon dogo har azahar. Yayyena biyu sun gudu tun da wuri, ɗaya Legas, ɗaya Maraɗi, sai dai su aiko da gaisuwa. Ni ne auta, ni aka bari da tsofaffi. Na gama makarantar horon malamai, aka ba ni aji a wata firamare wajen Sakajiki, ina zuwa a keke ina dawowa.

Na tsani garin nan, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dogon kansa. Ga shi nan miƙe sambal, ka tsaya a kai ka hango inda ya haɗe da sama, ka san wannan ƙarfen har Zariya ya kai, har Legas, amma ba abin da zai zo ya ɗauke ka a kansa. Mutanen Ƙaura suna kukan wai su ne ƙarshen dogo. Mu ko ƙarshen ba mu kai ba, a hanya aka yar da mu.

Da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, kowa ya nufi Gusau. Waɗanda nake ba amsa a aji muna ɗalibai suka zama masu tebur da fanka, suna zuwa gida ranar Juma'a da takalmi mai sheƙi. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana ma'aikatar ayyuka a can, ya ce in ba shi lokaci zai nema mini gurbi wurin masu awon hanya. Ya ɗauki lokacin kuwa, har na fara fid da rai. Ana cikin haka ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Harshensa ya yi nauyi, sai mu na gida ne ke gane abin da yake faɗi. Aka daina zuwa mahaɗa, amma tutocin suna jingine a gefen gadonsa, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna masa su da ido.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, saƙon Kawu ya iso ta bakin wani direba, abokin karatuna, da ke jigila tsakanin Ƙaura da Gusau. Gurbi ya samu. In zo bayan babbar Sallah, in kuma na wuce lokacin akwai masu jira a layi, ba zai iya riƙe mini ba. Na faɗa wa Inna a madafa. Ko ɗagowa ba ta yi daga tukunya ba, ta ce, "Tahi abinka, Auta. Tsohon ga ni na san lagonai, ina iyawa da shi."

Wurin Baba kuwa sai da na yi kwana da kwanaki ina juya maganar kafin na furta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, a hankali, yana jan kowace kalma, "In kat tahi, wa ka riƙon tuta?"

Na ce, "Baba, ina jirgin yake?"

Ya ce, "Ba jirgi nic ce ka riƙe ba."

Na fita raina a ɓace. Ba ya hana ni da baki, bai taɓa cewa kada in tafi ba. Tambayar nan kawai yake yi, safe da yamma, in na kai masa ruwan alwala, in na gyara masa matashi. Kuma na san kaina, ba zan iya sa ƙafa in fita yana kallona da idon nan ba.

A 'yan watannin nan abokinsa ɗaya tilo na zamanin reluwe ya zo sallama. Wani dattijo ne Kirista, mutumin Filato, wanda ya yi aikin famfon ba jirgi ruwa, ya tsufa a cikinmu har Hausarsa ta koma irin tamu. Ba wanda ya taɓa shi, amma 'ya'yansa sun ji Kiristoci na ta kwashe kaya daga Sabon Garin Ƙaura saboda tsoron shari'a, suka matsa sai ya dawo gida. Ya zauna a bakin gadon Baba suka riƙe hannu. Ni na ɗaukar masa akwatin ƙarfensa zuwa bakin titi. Yana hawaye don zai bar garin, ni kuwa ina jin kamar in buɗe akwatin in shige ciki.

Sai ga maganar allo. Sabuwar jiha tana kafa allunan suna a bakin kowane gari, tana kuma naɗa masu unguwa a wuraren da suka cika suka tumbatsa ba su da nasu. Mutanen Marke suka ga dama ta samu. Babbansu wani Alhaji ne dillalin hatsi, mai rumbuna bayan kasuwa, shi ya kai ƙara wurin uban ƙasa a Ƙaura. Ya ce ƙasar tasu ce tun kafin a san dogo, su ne mafi yawa, jirgi ya mutu, kuma a wannan zamani da ake gyara al'amura bai dace gari na Musulmi ya ci gaba da amsa sunan ƙyallen Nasara ba. A rubuta Sabuwar Marke.

Da labarin ya zo gidanmu Baba ya ƙi cin abinci. Ni kuwa, Allah ya sani, wani sanyi na ji a ƙirjina. In sunan ya tafi, tambayar Baba ta tafi da shi. Ba tunga ta mai tuta, ba wanda za a ce ya riƙe komai. Zan yi masa jaje, in shafa masa man zafi a kafaɗa, bayan Sallah in hau mota.

Uban ƙasa ya sa ranar sauraro, ya ce gidan mai tuta su turo mai magana. Ba wani namiji mai lafiya a gidan sai ni. Da safen ranar Baba ya nuna akwatinsa, ya ce a ciro babbar rigarsa ta saƙi, wadda yake sawa ranar idi. Inna ta ciro, amma ta tsaya da ita a hannu ba ta miƙo mini ba.

Ta ce, "Ka tahi da taka rigar mana. Mi ag gare ta?"

Na san abin da take nufi. A wajenmu, ɗan da ya tsaya gaban sarauta cikin rigar ubansa, uban yana raye, ya yi magana da yawun gida, an gabatar da magaji ke nan, ko ba a faɗa ba. Kowane yaro ya san wannan. Amma na riga na yi lissafina. Zuwa zan yi in sha kaye. In an kayar da mu babu abin gado, riga kuwa ta koma akwati. Me zai sa in hana tsoho ɗan wannan farin cikin a ranar da zai rasa komai? Na karɓa na zura. Ta yi mini yawa a kafaɗa, tana ƙanshin kafur.

Zauren uban ƙasa ya cika. Mutanen Marke sun zo da yawansu, sun zauna gefe guda. Ni kaɗai ne a ɗaya gefen, sai wasu tsofaffin Fulani biyu da suka ji labari a kasuwa suka shigo kallo. Liman yana zaune daman uban ƙasa. Na shirya abin da zan ce tun a hanya, gajere ne: duk abin da manya suka gani shi ne daidai.

Alhaji ya fara, kuma gaskiya ya iya magana. Ya kawo yawansu, ya kawo kaburburan kakanninsu a bayan fadama, ya kawo yadda dogo ya zama wurin shanyar barkono. Ina jin sa ina gyaɗa kai a raina, har ina cewa ƙara musu, Alhaji. Da a nan ya tsaya da yau ina Gusau da fansho. Amma ya ga zaure na tare da shi, daɗin baki ya ɗebe shi.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, wai shi mai tutar ga, wane ne shi? Ɗan ƙodago na, ba a san tushenai ba. Nasara yaɗ ɗaure shi bakin dogo kamar akuya, shina kaɗa tsumma. Matatai ko tana tallar hura cikin ƙattin lebura. Wanga shi za a liƙa muna bisa allo har jikokinmu?"

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi, har wani bafade ya rufe baki da hannun riga.

Ban san kakana ba, ya rasu kafin a haife ni. Kakata kuwa na san ta. Ita ta goya ni lokacin da Inna ke jinya, tafin hannunta duk kanta saboda taɓarya, kuma har ta mutu ba ta taɓa cin tuwo ba sai ta ajiye wa baƙo rabo. Ina da zuciya, wannan duk wanda ya zauna da ni ya sani, ɗalibaina sun fi kowa sani. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Da uban ƙasa ya juyo ya ce, "Ɗan mai tuta, mi kac ce?" sai gajeriyar maganar da na shirya ta ɓace mini ɗungum.

Abin da ya fito shi ne labarin da na ƙosa da ji tun ina yaro, wanda Baba ke maimaitawa har nakan tashi in bar masa wurin. Ashe yana nan kwance a cikina tsaf. Na faɗi yadda wurin yake kafin kakana, da dalilin da ya sa mutanen Marke ba sa ko bi ta nan in rana ta yi sanyi. Na faɗi wanda ya sare kurmin, da wanda ya haƙa rijiya da hannunsa har ya kai ruwa. Na tambayi zauren, shekarar da rijiyoyin Marke suka ƙafe, a ina matansu suka ɗebi ruwa, kuma wa ya taɓa karɓar ko anini a hannunsu. Na nuna Alhaji da yatsa, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na ce mahaifinsa ya zo bakin dogo da jaki ɗaya da tabarma, kakana ya auna masa filin da rumbunansa ke kai yau, kakata kuma ta ciyar da shi da wannan furar har ya yi girbin farko. Na ce in ƙarya nake ga dattawan Marke nan zaune, wani ya tashi ya ƙaryata ni.

Ba wanda ya tashi. Ɗaya daga cikin tsofaffin Fulanin ya ce shi dai ubansa bai san wurin da wani suna ba sai wurin mai tuta. Uban ƙasa ya karkata wajen liman suka yi ƙus-ƙus. Liman ya gyara murya ya ce a hukuncin shari'a, wanda ya raya ƙasar da ba kowa a kanta ya fi kowa haƙƙi da ita, kuma ƙyallen da aka ɗaga don kare rai da dukiya ba abin kunya ba ne ga Musulmi.

Ina tsaye ina haki, ina jin daɗin yadda Alhaji ya sunkuyar da kai. Sai da uban ƙasa ya fara yanke hukunci sannan hankalina ya dawo jikina. Ya ce suna ya zauna yadda yake, haka za a rubuta a allo. Ya ce tunda gari ya kai a ba shi mai unguwa, kuma sunan na gida ne, to sarautar ma ta gidan ce, za a kira ta Mai Tuta. Ya ce tsoho ya gaza, amma ga wanda ya turo cikin rigarsa, kowa kuma ya ji irin bakin da ke gare shi. A yi naɗi bayan Sallah.

Na durƙusa. Na ce, "Ranka shi daɗe, ina da uzuri. An sama mini aiki a Gusau, bayan Sallar nan zan fara."

Ya dube ni daga wuya har ƙasa, ba da faɗa ba. Ya ce, "Da ka san da Gusau, ɗana, da ba ka sanyo rigar ga ba."

Aka shafa fatiha. Mutanen Marke suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu, har da Alhajin, wanda ya riƙe hannuna ya ce na burge shi, gari ya sami mai tsaya masa. Ina jin da gaske yake, shi ne ma abin haushin.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar an zaunar da Baba a ƙofar ɗaki, yana kuka yana dariya da rabin fuska, yana ta shafa hannun rigar da ke jikina. Ban taɓa ganin sa cikin farin ciki irin wannan ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Na yi tunanin in gudu. Na yi tunanin in koma wurin uban ƙasa in ce a ba ɗaya daga cikin yayyena, amma wa zai baro Legas ya zo ya raba faɗan iyakar gona? In kuma na ƙi, sarauta ta koma Marke, sunan ya bi ta, bayan na tsaya gaban jama'a na tona asalin mutane don in kare shi. Da tsohon nan bai kai damina ba, kuma da Inna ba ta sake shiga gidan biki ta ɗaga kai ba. Ba wanda ya ɗaure ni, ni na yi magana da bakina.

Aka yi Sallah, aka yi naɗi. Rawani yana da nauyi fiye da yadda ake gani, kuma yana toshe kunne. Tun kafin a watse aka kawo mini ƙarar farko, wata saniya ta shiga gonar rogo. A ranar aka karanta mini sharuɗɗa: mai unguwa ba ya kwana wajen garinsa sai da izini, haihuwa da mutuwa da baƙo duk sai sun bi ta zaurensa.

Kashegari da hantsi na ji hon a bakin titi. Direban nan ne abokina, Kawu ya ce ya biyo ta kaina ko da na canza shawara. Na taka da kaina na je. Mutumin da tun muna aji ɗaya bai taɓa kirana da komai ba sai sunan tsokana, yana hango rawani ya kashe mota, ya fito, ya cire takalmi ya rusuna. Bai ma tambaye ni ko zan tafi ba. Ya ce, "Allah shi ja zamanin Mai Tuta. A yi muna addu'a, za mu wucewa." Kujerar gaba da ya ajiye mini tana nan ba kowa. Wani mai kaji da ke tsaye a gefe ya tambaya ko da wuri, aka ce ya shiga.

Na tsaya har motar ta sha kwana, sannan na juyo gida. Na tarar da Inna a tsakar gida ta baje wani ƙunshi a kan faifai. Yaji ne da dakakkiyar kuka da daddawa, ashe tun kafin Sallah ta haɗa mini guzurin zaman Gusau ta ɓoye a ɗakinta. Tana kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya tana juyewa cikin gwangwanayen madafa. Ta ɗago ta dube ni, ta gyara mayafinta kamar wadda baƙo ya shigo wa.

Ta ce, "Sannu da dawowa, Mai Tuta. A kawo ruwa?"